Yaro Ya Iya A B C D Amma Ya Kasa Karatu: Yadda Ake Koya Masa ta Hanyar Sauti

Wata maƙwabciyata a Tudun Wada ta taɓa shigo mini da ɗanta da la'asar sakaliya, yaro ɗan shekara bakwai, yana aji biyu. Bayan mun gaisa ta ce, "Malama, don Allah ki duba mini yaron nan. Tun yana nazare ya haddace A B C D, har rera ta yake yi in ana masa wanka, amma a miƙa masa littafi sai ya yi zuru." Na ɗauko gawayi na rubuta *nama* a jikin bango. Ya duba ya ce, "En, e, em, e." Ya ɗago kai yana jiran yabo. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ya kawo, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai dai ko zai kwana yana maimaita "en, e, em, e", naman nan ba zai fito ba.

Kowane harafi yana da suna, yana kuma da sautin da yake bayarwa a cikin kalma. Tunkiya sunanta tunkiya, amma in ta buɗe baki ba "tunkiya" take cewa ba. Karatu da sautin ake yin sa. Yaro ya ga *m* ya ce "mmm", ya ga *a* ya ce "a", ya haɗa su ya ji "ma" ta fito daga bakinsa. Wannan ita ce hanyar da malaman zamani ke kira foniks, wasu iyaye kuma suna jin sunan su ɗauka wani abu ne na makarantun kuɗi na Unguwar Rimi ko Barnawa. Alhali duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san ta. Babbaƙu aka fara ba mu, muka san baƙaƙe tsurarsu, sannan farfaru, aka ɗora wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a, daga nan muka fara haɗa baƙi. A boko ne muka saki wannan tsari muka kama waƙar A B C D.

Da wane harshe za a fara?

Shawarata, da Hausa, muddin ita yaron ke ji. Dalilin yana cikin rubutun kansa. Bokon Hausa ba shi da yaudara sosai: wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan duk inda ka ga harafi sautinsa ɗaya ne. Turanci kuwa haruffa 26 ke ɗaukar sautuka kusan 44, shi ya sa *a* ɗin da ke cikin *cat* daban take da ta *cake*. Yaron da ya fara gane dabarar haɗa sauti a harshen da ba ya yi masa wasa da hankali, yakan tsallaka Turanci da dabararsa a hannu. Gwamnati ta daɗe tana kai-kawo kan wannan batu. Manufar ilimi ta ƙasa tun daga 1977 ta ce a fara da harshen uwa a ajujuwan farko, a 2022 aka ce a yi shekara shida da shi, daga baya aka sake waiwayar Turanci. Ku bar su da muhawararsu. Abin da za a yi a tsakar gida da minti goma sha biyar ba ya jiran takardar kowa.

Kaduna gari ne na taron dangi. Malamin da ke Kakuri ko Sabon Tasha zai tarar da 'ya'yan Gbagyi da Bajju da Atyap da Yarabawa a benci ɗaya da 'ya'yan Hausawa. Yawancinsu da Hausa suke wasa a waje, don haka tsarin nan zai yi musu aiki. Wanda Turanci ya fi zama a bakinsa, a fara masa da Turancin, matakan dai su ne.

Mataki na farko: kunne kafin ido

Kada a ɗauko alli tukuna. Mako biyu ko uku na farko na kunne ne, domin yaron da bai ji cewa *masa* da *Musa* da sauti ɗaya suka fara ba, harafin *m* zane ne kawai a wurinsa.

A fara da tafa gaɓa. A kira sunansa ana tafi: Ha-li-ma, tafi uku. Sa-ni, tafi biyu. A bi sunayen 'yan gida da kayan kicin: tu-kun-ya, lu-da-yi, mu-ci-ya. Sai a juya wasan, uwa ta rarraba kalma yaro ya haɗa: "Ɗauko mini mo... ɗa." In ya ruga ya kawo moɗa, ya yi haɗin farko a rayuwarsa bai ma sani ba. Bayan kwanaki a shiga farkon kalma: "Wa zai gaya mini abin ci da ya fara da sss?" Sakwara, suya, sinasir. In ya ce tuwo kada a ce ya faɗi. A ja kalmar da baki, "Sssuya, tuwo. Ɗaya suke?" Zai gyara da kansa.

Wannan mataki ko kakar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta iya shi, kuma galibi ta fi mu haƙuri.

Mataki na biyu: haruffa, amma ba a jere ba

Babu dokar da ta ce sai an bi a, b, c. Ana zaɓen haruffan da suka fi yawo a cikin kalmomi, don yaro ya fara karanta abu mai ma'ana tun makon farko. Ni da *a, n, m, k* nake farawa. Da waɗannan huɗu kaɗai an sami nama, kaka, mama, kama, mana, Nana, har da jimla: *Kaka na nan.* A ƙara *i*, ga *Ina nama?* da *Amina na nan.* A ƙara *s* da *u*, ga Musa, suna, kunu, kusa, sama, kuka. Daga nan *r, d, t, o, b, l, e, g, y, w*, sauran su biyo baya. Harafi biyu ko uku a mako ya isa ga ɗan shekara biyar zuwa shida.

A nan ne yawancinmu muke ɓata rawarmu da tsalle, don haka bari in daɗe a kai. Mun saba kiran baƙaƙen Hausa da ba, ca, da, fa. Wato mun riga mun liƙa wa kowanne *a* a wutsiya. Yaron da aka koya wa cewa *k* "ka" ce, *f* kuma "fa", in ya ga *kifi* zai ce "ka-i-fa-i", ya tsaya yana mamaki. Dole babba ya fara gyara bakinsa kafin ya gyara na yaro. Sautukan da ake iya ja ba su da wuya: mmm da leɓe a rufe, nnn, sss, zzz, lll. Masu wuyar su ne waɗanda ba sa jawuwa, irin su k, t, b, d, g. A faɗe su a gajarce, kamar raɗa, a datse kafin wasali ya biyo. Ku ce *tak*, ku saurari abin da ya rage a ƙarshe, wannan ita ce *k* tsurarta. Ku gwada a gaban madubi ku kaɗai kafin ku tsaya gaban yara. Na yi shekaru ina koyarwa kafin wata ƙaramar malama ta nuna mini ina cewa "ta" a maimakon *t*, kuma ban ji daɗi ba a ranar, amma gaskiyarta ce.

Darasin sabon harafi kan tafi haka. A tuna na jiya da shekaranjiya da kati, minti biyu. A faɗi sabon sauti, yara su kalli bakin malami, su maimaita. A kawo abubuwa biyu ko uku da suka fara da shi, na gaske in akwai. Sannan a nuna harafin, a rubuta shi a iska da yatsa, a rubuta a bayan abokin zama, a rubuta a rairayi ko a tire da aka zuba wa gari, sai a ƙarshe a littafi. Ƙananan haruffa ake fara koyarwa, domin su suka cika shafin kowane littafi. Manyan su shigo ta hanyar sunan yaro da farkon jimla.

Kayan aiki ba sa buƙatar zuwa kantin littattafai. Kwalin taliya da aka yanka murabba'i, da alƙalamin maka ɗaya, sun ba da kati. Murafen robar lemo, a rubuta harafi ɗaya a kan kowanne, baƙaƙe a launi ɗaya wasula a wani launi. Kada dai a bar murafen inda mai rarrafe zai kai su baki.

Mataki na uku: haɗawa

Duk abin da ya gabata shimfiɗa ce, nan ne karatun yake. A ajiye murfin *m* a hagu da yaro kaɗan, na *a* can gefen dama, yadda za a karanta daga hagu zuwa dama. A ja sautin farko ba tare da an yanke numfashi ba, ana matso da murafen kusa da juna: mmmmaaa, mmaa, ma. Sirrin shi ne kada a yi shiru tsakanin sautukan biyu. "M", shiru, "a" ba ya zama "ma" a kunnen yaro. Shi ya sa ake fara haɗi da baƙaƙen da ke jawuwa, a bar su *k* da *t* sai hannu ya faɗa.

Da ya kama *ma*, a cire *a* a sa *i*, a sa *u*. Ga farfarunmu ta dawo: ma, mi, mu. Hausa harshe ne na gaɓoɓi masu sauƙi, yawancinsu baƙi da wasali, saboda haka da yaro ya mallaki gaɓa, kalma ta zo hannu: na da ma, nama. Daga baya a kawo gaɓa mai rufi, wadda ta ƙare da baƙi: nan, kan, sam, har a kai *kanti* da *masta*.

Akwai tarko a nan. Aji ya ɗauki "ba be bi bo bu, ca ce ci co cu" da murya ɗaya har maƙwabta su ji, malami ya ji daɗi, alhali waƙa ce ta maye gurbin waƙa. A hargitsa jerin kullum. A nuna *mu*, a tsallaka *ki*, a dawo *sa*. Hanya mafi sauri ta gane mai karatu daga mai hadda ita ce a rubuta kalmar da babu ita a duniya, kamar *numi* ko *sakinu*, a ce sunan wani aljani ne. Wanda ya iya haɗi zai karanta yana dariya. Wanda ya haddace zai kalli silin.

In yaro ya maƙale a kan kalma, kada a faɗa masa ita, kada kuma a ce ya duba hoto ya canka. A sa yatsa ƙarƙashin harafin farko a ce, "Me wannan yake cewa?" A jira. Jiran nan yana da wuya ga babba, daƙiƙa biyar sai ka ji kamar awa, amma a cikinsa ne yaron ke aikin.

Mataki na huɗu: shifta

Kullum a rufe darasi da shifta ta kalma uku ko huɗu, daga haruffan da aka riga aka koya kawai. A faɗi *kunu*, yaro ya maimaita, ya ƙirga sautukan a yatsunsa, k-u-n-u, huɗu, sannan ya rubuta. Kwafe daga allo hannu kawai yake motsawa, shifta kuwa tana tilasta wa kunne da ƙwaƙwalwa su yi aiki tare.

Mataki na biyar: masu ƙugiya da masu goyo

Haruffan nan namu, ɓ, ɗ, ƙ, tun shekarun 1930 suka zauna a rubutun Hausa, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar fassara da talifi a Zariya, garin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Yau saƙonnin waya sun sa manya da yawa sun yar da ƙugiyar, yara kuma suna gani. A koyar da su a matsayin haruffa masu zaman kansu, ba *b* ko *d* da aka yi wa ado ba, kuma a bar tazarar mako ɗaya ko biyu tsakanin *d* da *ɗ* don kada su cakuɗe. In duka biyun sun zauna, sai a gwama su da kalmomin da ƙugiya kaɗai ta raba: kafa da ƙafa, kara da ƙara, daka da ɗaka, bari da ɓari, gada da gaɗa, baki da baƙi. Yara suna son wannan darasi, musamman in malami ya yi kuskuren da gangan ya ce ya ga 'yan mata suna gada a dandali. Haka za a yi wa *'y*: yaya da 'ya'ya. Yaran da Hausa ba ita ce ta gidansu ba sukan buƙaci ƙarin lokaci a nan, a sa su riƙa kallon baki suna saurare.

Sai masu goyo, haruffa biyu da ke ba da sauti ɗaya: *sh* a shanu, *ts* a tsuntsu, *kw* a kwano, *gw* a gwanda, *ƙw* a ƙwai, *ky* a kyanwa, *gy* a gyaɗa, *ƙy* a ƙyalle. A rubuta su a murfi ɗaya, kada a raba, don ido ya saba ganinsu a goye. *Sawa* da *tsawa*, *saka* da *tsaka* suna taimakawa. Tagwayen wasula *ai* da *au* ba sa ba da wahala: kai, rai, yau, sau. Baƙi mai nanatuwa ma haka, a nuna baba da babba, kuna da kunna.

Mataki na shida: jimla da ma'ana

Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. *Gari* na iya zama inda muke zaune ko abin da ake tuƙa tuwo da shi, *wuya* na iya zama ta jiki ko ta rayuwa. Jimla ce ke warwarewa. Saboda haka da zarar yaro ya karanta jimla, a tambaye shi abin da ta ce. "Musa ya sayo gari a Kasuwar Barci." Me Musa ya sayo? A ina? In ya furta *gari* da muryar da ba ita ba, a ce, "Garin Kaduna ya sayo?" Zai yi dariya ya gyara.

Littattafan da suka dace da wannan mataki ba su cika yawa a kasuwa ba, don haka ku rubuta naku. Jimla huɗu ko biyar kan abin da ya sani, akuyar gidan, Keke Napep ɗin kawunsa, jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa. A naɗe takarda biyu, ya yi zanen da kansa. Ban da wannan, a ci gaba da yi masa tatsuniya da karanta masa abin da ya fi ƙarfinsa, domin daga nan yake tara kalmomin da zai tarar a gaba.

Tsallakawa zuwa Turanci

Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da yaro ke karanta gajeren labarin Hausa ba tare da ya tsaya a kowace kalma ba. Na san makarantu masu zaman kansu da yawa da Turanci suke farawa tun nazare. Ba komai, a bar makaranta ta yi nata, gida ya riƙe Hausa, a dai raba katunan, a kuma riƙa sanar da yaro, "Yanzu Turanci za mu yi."

Wani tsari da ya yaɗu a makarantunmu shi ne Jolly Phonics, wanda ya fito daga Ingila, yana koyar da sautuka 42 a rukuni bakwai. Rukunin farko *s, a, t, i, p, n* ne, daga ciki ake samun *sat, pin, tap, sit, pan*. Ɗan Bahaushe zai ci karo da duwatsu sanannu. Na farko *p* da *f*, domin a Hausa ba mu raba su ba. A riƙe 'yar takarda a gaban baki: a *pan* leɓe biyu ke rufewa su fashe, takarda ta yi tsalle, a *fan* haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta zirara. Haka *v* da *b*. *Th* kuma sai harshe ya leƙo tsakanin haƙora, yara kan ji kunya, sai malami ya fara yi. Na biyu *c*, wadda a *ciki* sautinta daban, a *cat* kuma ta koma *k*, sautinmu na *c* kuwa Turanci da *ch* yake rubuta shi. Na uku baƙaƙe a jere babu wasali. Bakinmu yana son cusa wasali, shi ya sa *school* ta zama "sukul". A fara da *top*, a ja sss a gabanta, har *stop* ta fito ba tare da "si" ba.

Akwai kuma kalmomi masu taurin kai da ba sa bin doka, irin su *the, said, was, one*. A ba da biyu ko uku a mako, a nuna wa yaro inda kalmar ta bi doka da inda ta kauce. Kuma kowace kalmar Turanci da ya haɗa, a tabbata ya san abin da take nufi. In ya karanta *pin*, a nuna masa fil.

Aji mai cunkoso, da gida mai hidima

Malamin makarantar gwamnati zai ce, duk wannan da yara tamanin ko ɗari? Ana iyawa, da wahala. A rubuta haruffa manya yadda na baya zai gani. Malami ya yi, a yi tare, sannan su yi su kaɗai, layi-layi, ba duka aji a lokaci ɗaya ba, domin amsa kuwwa tana ɓoye wanda bai gane ba. A zaunar da su biyu-biyu, mai ɗan ƙarfi da mai rauni. Kullum a ware yara biyar, kowanne minti ɗaya, ya karanta gaɓa biyar da kalma uku a kunnen malami, a sa alama a rajista. A wata guda an zagaye ajin, an san su wa za a dawo da su gaba. Bulala kuwa a ajiye ta a wannan darasi. Yaron da ke tsoron kuskure ba zai buɗe baki ya gwada sauti ba.

A gida, yaranmu ba su da sarari: boko da safe, Islamiyya da yamma, wasu har da makarantar dare. Minti goma zuwa sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. A nemi lokacin da ba ya jin yunwa ko barci, a tsaya tun bai gaji ba. Alhamis da Juma'a da ake hutun allo sun dace da maimaita na mako. Mahaifi in ya ɗauko shi a babur, allunan shaguna na titin Ahmadu Bello littafi ne kyauta: "Nemo mini *m* a can." In iyaye ba su yi boko ba, yayarsa ta aji biyar za ta iya riƙe katin, uwa ta zauna kusa tana saurare.

Ɗan maƙwabciyar tawa wata uku muka yi kafin ya karanta mini labarin akuya mai jimla shida, yana bin layi da yatsa. Wani yaron zai fi shi sauri, wani zai ninka haka. Juya *b* da *d* abu ne da aka saba gani a shekara biyar zuwa bakwai, yakan wuce da yawan rubutu. Amma in an yi zango biyu ana bin matakan nan kullum, yaro bai riƙe ko sautuka goma ba, ko yana matse ido in ya kalli allo, ko sai an kira shi sau uku yake juyowa, ko kunnensa na yawan zubar da ruwa, a kai shi a duba. Mu a Kaduna abin ya zo mana da sauƙi, asibitin ido na ƙasa yana nan ta wajen Mando, asibitin kunne na ƙasa ma a cikin garin nan yake. In ido da kunne lafiya lau, a koma wasan kunne na matakin farko, a rage haruffan zuwa ɗaya a mako, a sanar da malamin ajinsa don gida da makaranta su riƙa tafiya a kan harafi ɗaya.